Tambaya da Amsa: Me ya sa sabbin fina-finan tsoro ke saurin fitowa, amma kwafin da nake samu duhu ne kawai?

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Salam Malam, dan Allah ni ma'abocin fina-finan ban tsoro ne da waɗanda ake bin sawun mai kisa, to abin da ke ɗaure min kai shine sai in ga an sa tirelar fim, bayan kwana kaɗan in je shagon masu turi in tarar wai ya fito, in karɓa in zo gida in kunna ba abin da nake gani sai duhu, magana ƙasa-ƙasa, can sai ƙara ta fashe min kunne. Kuma in na duba Netflix babu shi. Yaushe ne ainihin fim yake fitowa na kallon gida, kuma ya zan gane mai kyau?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abin da aka tura maka ɗin nan kusan kullum ba fim ɗin ba ne ya fito, wani ne ya shiga silima da waya ko ƙaramar kyamara ya ɗauki majigin yana zaune a kujerarsa, shi ya sa wani lokaci zaka ga kan mutum ya gifta ko ka ji tari da dariyar 'yan kallo. In ka duba sunan fayil ɗin zaka ga an rubuta CAM ko HDCAM ko TS, wasu har tallan caca suke mannawa a tsakiyar hoton yana yawo. Kuma a duk nau'in fina-finai babu wanda irin wannan kwafin yake kashewa kamar na tsoro, zan zo kan dalilin, amma bari mu fara da maganar lokaci tunda ita ce za ta sa ka daina gaggawa.

A da, kafin 2020, al'adar kamfanonin Amurka ita ce fim ya yi kamar kwana 90 a silima kafin a sake shi a faifai ko a intanet. Korona ce ta zo ta rusa wannan tsarin. Akwai fim ɗin The Invisible Man na kamfanin Universal da ya shiga silima ƙarshen Fabrairun 2020, ana cikin cin kasuwarsa aka fara rufe gidajen kallo, sai kawai ranar 20 ga Maris suka sa shi haya a intanet kan dala 19.99, ka biya ka kalla cikin awa 48. Masu gidajen silima ransu ya ɓaci sosai da wannan sabon salon, aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe a Yulin 2020 Universal da AMC, wanda shine babban mai gidajen silima a Amurka, suka daidaita kan fim ya yi kwana 17 a silima kafin ya sauka a intanet, wato ƙarshen mako uku. Daga baya aka ƙara da cewa in fim ya haura dala miliyan 50 a kwanakin buɗewarsa to sai ya yi kwana 31. Sauran kamfanonin kowa da nasa lissafin amma yawanci abin yana yawo ne tsakanin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Misali M3GAN na Universal ya shiga silima 6 ga Janairun 2023, zuwa 24 ga watan har ya sauka a intanet. Sinners kuwa da yake kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, ya fito 18 ga Afrilun 2025 bai zo gida ba sai farkon Yuni.

To me ya sa na tsoro suka fi saurin sauka? Lissafin kuɗi ne zalla. Masu son irin wannan fim matasa ne kuma a satin farko suke tururuwa saboda kar wani ya riga su ya ba su labarin ƙarshen, sati na biyu sai ka ga ciniki ya faɗi da fiye da rabi, wannan ba abin mamaki bane a harkar. Sannan fina-finan ba su da tsadar yi, babu buƙatar manyan jarumai ko tarwatsa birni, gida ɗaya da mutum biyar ya isa. Paranormal Activity da kamar dala dubu 15 aka ɗauke shi ya tara sama da miliyan 190, Get Out na 2017 dala miliyan 4.5 ya ci ya dawo da sama da miliyan 250. Kaga fim irin wannan a kwana uku ya gama mayar da uwar kuɗi, to me zai zauna yi a silimar da ta koma rabin kujeru babu kowa? Gara a kai shi intanet tun tallan da aka kashe wa kuɗi bai fita daga kan mutane ba, kuma a can kason kamfani ya fi tsoka, don a silima kusan raba daidai ake yi da mai gidan kallo. Ƙari kan haka kowa yana so kayansa su kasance a kasuwa kafin Oktoba, watan da Turawa ke bikin Halloween, lokacin ne kakar wannan harkar.

Maganar Netflix kuma, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna ɗauka duk fim ɗin duniya can yake ƙarewa. A'a. Matakin farko haya ko saye ne a irin su Apple TV da Prime Video, da tsada, sai bayan wasu makonni farashin ya sauko kuma faifan Blu-ray ya fito, sannan a ƙarshe ya shiga manhajar biyan kuɗin wata, kuma kowane kamfani gidansa yake kaiwa. Na Universal suna tafiya Peacock, na Warner suna tafiya HBO Max, na Paramount suna Paramount+. Akwai ma Shudder da ba ta da aiki sai fina-finan tsoro tun 2015, amma ita da Peacock duk ba a buɗe su a Najeriya ba. Haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, shi ya sa abokinka da ke Ingila zai ce maka ga shi a Netflix ɗinsa kai ka duba naka wayam. Ba wayarka ce ta lalace ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka fahimta da kyau, dalilin duhun. Darakta a fim ɗin tsoro da gangan yake ɓoye abu a cikin inuwa, akwai baƙi akwai wanda ya fi shi baƙi kaɗan, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne ake ajiye abin da zai tayar maka da tsikar jiki, wata fuska a bayan ƙofa, wani abu tsaye a lungun ɗaki da ba ka lura da shi ba sai da ya motsa. Kyamarar waya a cikin silima ba ta iya raba waɗannan, duk sai ta haɗe su su zama baƙi ɗaya. Ko kwafin asali ne ma in aka matse shi aka mayar da fim ɗin awa biyu ya koma megabait 300 don ya shiga memori, wurin da matsewar take fara ci shine wurare masu duhu, shi ya sa zaka ga bangon ɗaki ya zama ɗigo-ɗigon murabba'i suna rawa kamar tsohuwar dikoda lokacin hadari. Jarumar tana ihu tana nuna kusurwa, kai kana ta zaro ido baka ga komai ba, daga baya ka ce fim ɗin ba daɗi alhali rabinsa ba a turo maka ba. Don ka gane girman bambancin, Netflix da kansu sun ce kallo mai tsabta na HD yana iya cin har gigabait 3 a awa ɗaya, na 4K har 7.

Sauti ma haka. An haɗa shi ne don lasifika shida, maganar 'yan wasa tana fita ta ta tsakiya, kiɗa da ƙarar firgitarwa ta sauran, ga kuma wani gurnani na ƙasa-ƙasa da ba ka cika jinsa da kunne ba sai dai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi. In aka cusa duk wannan a 'yar lasifikar waya ko ta talabijin sai magana ta nutse ƙara ta yi sama, kai ta wasa da rimot kenan har fim ya ƙare. Maganinsa mai sauƙi ne, shiga wajen zaɓen sauti ka ɗauki na sitiriyo in akwai, ko ka kunna tsarin dare da yawancin talabijin na yanzu suke da shi, ko mafi sauƙi ka sa iyafis mai kyau. Ni a ganina iyafis da ɗaki mai duhu sun fi ƙaton talabijin a falo da fitila a kunne da ƙarar janareta a bayan taga. In talabijin ɗinka tana da Filmmaker Mode, wato tsarin da ke nuna hoto yadda masu fim suka tsara shi, kunna shi, in babu aƙalla ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi kamar wasan kwaikwayon gidan talabijin, yana kashe yanayin gaba ɗaya. Kuma kar ka ƙure haske don ka ga cikin duhun, baƙin zai koma toka-toka ne kawai.

Ta ya zaka gane ya fito da gaske? Duba ranar da ya shiga silima ka ƙirga, in bai kai kwana 17 ba to kusan kullum wanda ya ce maka yana da orijina ba gaskiya ya faɗa ba. In ka ga ya bayyana a jerin haya na Apple TV ko Prime Video to ya sauka. Ba zan ɓoye maka ba abin da ake turawa a shago satar fasaha ce ko mai kyau ko marar kyau, kuma shafukan da ake sauko da su cike suke da manhajojin da ke lalata waya, in kana da halin hanyar halal ita ce ta fi kwanciyar hankali. In kuma kai mai tara faifai ne ka lura da shiyya, Blu-ray na Amurka shiyyar A ne mu kuma Afirka muna B, zai iya ƙin yi a na'urarka, amma faifan 4K ba shi da wannan takunkumin.

Abu ɗaya da baka tambaya ba amma dole in faɗa tunda gida za a kalla. Wanda ake sakewa na gida wani lokaci ba shine wanda aka nuna a silima ba, akan dawo da wuraren da aka yanke, sai ka ga an rubuta Unrated a jiki, wato wanda ba a sa masa matakin shekaru ba. M3GAN ɗin nan a silima PG-13 ne, wato wanda ake gargaɗin iyaye a kansa ga 'yan ƙasa da shekara 13, amma wanda aka sa a Peacock a Fabrairun 2023 an ƙara masa jini da ashar. Don haka ko wani ya ce maka ai ya kalla ba komai a ciki, tambaye shi wanne ya kalla. In ka ga R ko 18, alamomin na manya, ko Unrated to ba na zama da ƙanne da yara bane, kuma ba tsiraici kaɗai ake gudu ba, yaro ɗan shekara bakwai in ya ga abu ɗaya sai ya yi wata yana ƙin shiga banɗaki shi kaɗai da daddare. Shafin IMDb na bayanan fina-finai yana da sashen jagorar iyaye a ƙarƙashin kusan kowane fim, an jera abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ya ishe ka dubawa kafin ka kunna, sai dai ka yi hattara da ɓangaren ƙasa don a nan suke tona ƙarshen labarin.