Dalilin da ya sa ba ma zurfafa rijiyar duba ruwa a gidan mai

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na tsayar da masu haƙa da zarar mun ɗan wuce ruwan farko, alhali a aikin burtsatse mun saba nitsawa har sai mun tarar da ruwa mai yawa.

Burtsatse ruwan sha take nema, wannan rijiyar kuwa man da ya tsiyaye daga tanki take farauta. Fetur da gas da kananzir duk ba su kai ruwa nauyi ba, saboda haka idan tsatsa ta huda tankin da aka binne, ko mahaɗar bututu ta saki, man zai yi ta bin ƙasa har ya iske ruwa, sannan ya kwanta a kansa kamar yadda man gyaɗa yake kwanciya a kan miya. Idan ka kai bututun rijiyar mai tsaga, wato inda ruwa yake shiga, can ƙasa, man yana samansa, kai kuwa ka ɗebo ruwa garau ka ce lafiya lau. Shi ya sa nake so tsagar ta fara daga saman ruwan ta ƙare a ƙarƙashinsa, da rata mai yawa, domin inda ruwa yake a watan Afrilu ba nan za ka same shi a Agusta ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mutum ya huda yumɓun da ya raba ruwan sama da na ƙasa, domin da hannunsa ya buɗe wa man hanya zuwa ruwan da unguwa take sha.

Rijiya uku ce mafi ƙaranci, domin sai an kwatanta tsayin ruwa a wuri uku ake gane inda yake gangarawa. Ɗaya ta kasance ta inda ruwan yake fitowa, sauran kuma tsakanin tanki da rijiyoyin maƙwabta.

Ranar awo, ka fara zura gorar ɗiba mai garai-garai a hankali ka ga ko akwai mai a sama, ka rubuta kaurinsa. Bayan haka ka kwashe ruwan da ya daɗe a cikin bututun kamar cikinsa uku, sannan ka cika kwalbar gilashi fal, ba tare da ko ɗigon iska ba, ka sa ta cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Sinadarin benzin, wanda yake cikin fetur, da muke nema yana saurin bin iska, kuma kada ka dogara da hancinka a kansa, domin yana jawo kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 10 a lita guda ta ruwan sha, adadin da hanci ba ya ji. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, an sami rijiyoyin Nisisioken Ogale da benzin ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900, ga kuma mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa, mutane suna sha.

Gobe kafin mu fara, ka karɓi littafin awon tanki daga manaja, mu kwatanta abin da sandar awo ta nuna da abin da famfo ya sayar a wata uku da suka wuce. Idan giɓin yana maimaituwa a tanki ɗaya, kusa da shi za mu haƙa rijiya ta biyu.