Amsoshin Tambayoyinku: Zuwa iyo a marmaron Fulorida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekararmu biyu a Orlando, ni da maiɗakina da yara uku, babban shekararsa 11, autar 4. Abokan aiki sun cika mini kunne da labarin maɓuɓɓugan ruwan jihar nan. Ina so in kai iyali a hutun Disamba. Wanne za mu je, kuma me ya kamata in saya? A cikinmu babu wanda ya iya iyo sosai. (Magidanci, Orlando)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi niyya mai kyau, sai dai watan da ka zaɓa ba na iyo ba ne. A Disamba ka kai su Blue Spring da ke Orange City, bai kai tafiyar awa ɗaya daga gidanku ba, amma ku je kallo. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Maris ana hana kowa shiga ruwan, saboda ayu. Shi dai ayun da muka sani a kogin Binuwai da Kwara, wannan ɗan'uwansa ne na Amurka. Ba ya jure ruwan da ya yi ƙasa da digiri 20, don haka idan kogin St. Johns ya yi sanyi sai su kwararo cikin marmaron su sha ɗumi. A 1970 guda 14 kacal aka ƙirga a wurin. A wata safiya ta Janairun 2024 an ƙirga 932.

Na taɓa tsayawa a kan gadar katakon da ke bin gefen ruwan da sassafe, tururi na tashi, ga su kwance a ƙasa jere kamar buhunan hatsi. Wata uwa ta taso da ɗanta a gefe, ta fito da hanci ta ja numfashi, ta koma. A gadon bayanta akwai tabo fari layi-layi, inda farfelar jirgin ruwa ta yanke ta. Da irin wannan tabon ma'aikatan wurin suke gane kowane ɗaya. Ka nuna wa yara wannan, kuma ka gaya musu doka ta hana taɓa ayu ko ba shi abinci.

Iyo kuwa ka bari sai zafi ya shigo, daga Mayu zuwa Satumba. Wekiwa Springs da ke Apopka ya fi kusa da ku, kuma yana da fili mai ciyawa inda za a shimfiɗa tabarma. Idan ka taɓa shiga Wikki a Yankari, cire wannan daga ranka. Wikki digiri 31 ne, kamar ruwan wankan da aka sirka. Na Fulorida digiri 22 ne rani da damina, domin daga ƙarƙashin dutsen farar ƙasa yake ɓulɓulowa, rana ba ta taɓa shi ba. Babba zai ji shi har ƙashi a minti na farko. Autarku kuwa, da ka ga leɓenta ya canja launi ko haƙora na kaɗawa, fito da ita a naɗe ta da tawul.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne layin ƙarshe. Ruwan nan garau yake, har kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa, kuma wannan hasken ne ke yaudarar ido. Dutsen da kake gani kamar ka miƙa ƙafa ka taka, yana iya fin tsawonka sau biyu. Yawancin wuraren nan kuma babu mai gadin ceto. Saboda haka abu na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne rigar ceto, kowa da tasa, har kai. Ka duba tambarin amincewar rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka a cikin rigar, ka sayi ta yara gwargwadon nauyinsu, ta ƙaramar kuma mai igiya ta tsakanin ƙafafu. Bayan ka ɗaure mata, ɗaga ta ta kafaɗun rigar. In rigar ta haura kunnuwa, ta yi yawa. Robobin nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse kayan wasa ne, kada ka dogara da su. Kuma tunda akwai watanni kafin Mayu, ka sa yaran a ajin koyon iyo na unguwa.

Kuɗin shiga dala 6 ne a mota a yawancinsu. Katin shekara na iyali dala 120 ne, wato sai kun je sau 20 kafin ya biya kansa, don haka bana dai ka bar shi. Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, kuma da mota ta cika ake rufe ƙofa. Ranar Asabar ta lokacin zafi ka isa kafin a buɗe, ka kuma leƙa shafin intanet na gandun shaƙatawar tun kafin ranar ko ana bukatar kama gurbi. Akwai kada a kogunan jihar, ku tsaya cikin inda aka kewaye don iyo.

Tambaya: Malam, ina son shiga ruwan amma ba zan cire suturata ba. Zan iya shiga da doguwar riga da hijabi? (Wata 'yar'uwa, Tampa)

Hajiya, ki shiga abinki, babu mai hana ki. Amma kada ki shiga da atamfa ko abaya ko dogon hijabi. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, yadi mai faɗi kuma yana naɗe ƙafa ko ya rufe fuska. Ki sayi kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, riga da wando da hular kai, na yadin da ba ya riƙe ruwa, wanda rigarsa ke ɗaurewa da wandon don kada ta taso. Ki zaɓi gandun gwamnatin jiha, inda aka hana shan giya a wuraren yini, ki je tsakiyar mako da safe. Za ki fi sakewa.

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Gainesville. Na ga cikakkun kayan nutso na hannu, har da tukunyar iska, da araha a intanet. Abokina ya ce zai koya mini a Ichetucknee. In saya? (Ƙaninka, Gainesville)

Ƙanena, kada ka saya, kuma kada ka bi abokin nan. Kuɗin ka kai makarantar nutso mai lasisi ka yi kwas ɗin farko, za su ba ka aron kaya. Ba tare da katin shaida ba ma gandun jiha ba zai bar ka ka nutsa da tukunya ba, kuma ba a yarda mutum ya nutsa shi kaɗai. Na'urar da ke daidaita iskar da kake shaƙa, idan ta hannu ce ba ka san rabonta da gyara ba, ranka ka jingina da ita. Abin da ya dace ka mallaka yanzu shi ne tabarau na ruwa da ya zauna a fuskarka, da bututun shaƙa, da takalmin iyo. Gwada tabarau a shago: manna shi a fuska ba tare da igiya ba, ja iska ta hanci. In ya tsaya bai faɗo ba, naka ne.

Yankin da kake zaune cike yake da koguna na ƙarƙashin ruwa. A Peacock Springs kaɗai an auna hanyoyin kogo da suka kai kusan kilomita 10. A bakin irin waɗannan kogunan, can ƙasa, akwai allo da ke gargaɗin cewa fiye da mutum 300 sun mutu a wurare irinsu, har da masu koyar da nutso. Yadda abin ke faruwa shi ne, mutum ya ga ruwa garau ya ce bari ya ɗan leƙa. Ƙafarsa ta tayar da laka, nan take ko hannunsa ba ya gani, sama dutse, bai san ta inda ya shigo ba, iska na ƙarewa. Shi ya sa ake hana mai katin farko riƙe tocila a wasu wuraren, don duhu ya tsayar da shi a bakin kogo. Masu horon kogo da igiya suke shiga, kuma iskarsu kashi uku suke raba ta: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana.

Ichetucknee kuwa ka je. Ka karɓi hayar tayar roba a gandun, ka kwanta a kai ruwa ya tafi da kai a hankali, kunkuru na shan hantsi a kan itatuwa. Ba a shiga kogin da abinci ko robar da ake yarwa. Ramin Blue Hole, wani marmaro mai zurfi da ke cikin gandun, wanda wataƙila shi abokinka yake nufi, ka kalle shi daga sama da tabaranka. In ka kammala kwas ka fara nutso, ka bar aƙalla awa 18 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama.