Amsa kan littafin Tom da Maggie: abin da marubutan lokacin suka saba yi, da inda George Eliot ta kauce

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce an ba ku The Mill on the Floss, littafin marubuciya George Eliot kan Maggie da yayanta Tom, an ce ku fito da dabarun da marubutan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya suka saba bi wajen ba da labarin tasowar yaro, sannan kin ƙara da cewa ƙarshen littafin ya ƙona miki rai. Ni ma haka ya yi mini da na fara karanta shi ina ɗaliba. Sai da na koyar da shi shekara da shekaru kafin na daina faɗa da ƙarshen nan, kuma ba zan ce na daina gaba ɗaya ba.

Littafin ya fito a 1860, cikin juzu'i uku. Wannan ma dabara ce ta kasuwa: ana sayar da irinsa sule 31 da sisi, kuɗin da talaka ba ya iyawa, don haka yawancin mutane aro suke yi a ɗakunan bayar da aron littattafai irin na Mudie. Shi ya sa marubuci yake da filin da zai zauna kan yarinta ba gaggawa. Ki lura da yadda aka daɗe ana nuna mana Maggie tana 'yar shekara 9, ta manta ba ta ba zomayen Tom abinci ba har suka mutu, ta datse gashinta da almakashi don haushin surutun dangi, tana buga wa 'yar tsanarta ƙusa a ka idan an ɓata mata rai. A wajen marubutan nan, halin babba yana cikin yarintarsa, kuma sai an nuna miki shi da idonki.

Wurin da nake tsayar da ɗalibaina kullum shi ne na wainar nan mai jam a ciki. Tom ya raba ta biyu, rabin ɗaya ya fi ɗaya zaƙi. Maggie ta ce ya ɗauki mai kyan, ya ƙi, ya ce sai ta rufe ido ta zaɓa don a yi adalci. Mai kyan ya faɗo mata, ta cinye. Da ya gama nasa sai ya juyo ya kira ta mai haɗama, wai da shi ne da ya rage mata. Duk littafin yana cikin wannan 'yar wainar. Tom mutum ne mai ƙa'ida da ba ya yafiya, ita kuma Maggie babu abin da take nema duniya kamar ya ce ya yarda da ita. Duk wadda ta tashi da yaya namiji mai tsanani ba ta bukatar malami ya fassara mata wannan. Akwai shekarar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai wannan Yayanmu ne," ajin ya ɗauki dariya.

Haɗa yara biyu masu saɓanin hali abu ne da aka saba. Haka ma jera baƙar mace da fara: Maggie mai duhun fata da baƙin gashi, 'yar innarta Lucy mai farin gashi da ladabi. Sai dai marubuciyar ta san dabarar tsohuwa ce, har ta sa Maggie da bakinta ta mayar wa Philip, saurayin da ke sonta, wani littafi ba ta gama ba, tana cewa ta gaji da labaran da farar mace ke kwashe duk farin ciki. Wannan ki saka shi a amsarki, malamai suna sonsa.

Sai karayar arziki. Da wuya ki karanta littafin tasowa na lokacin ba ki haɗu da bashi, ko shari'a, ko gado ba. A nan uban, Tulliver, mai injin niƙa ne da ruwan kogi ke juyawa, ga taurin kai ga son zuwa kotu. Ya yi shari'a kan ruwa ya faɗi, aka yi gwanjon kayan ɗakin matarsa, injin ya koma hannun lauya Wakem, maƙiyinsa. Ya sa Tom ya rubuta a cikin Littafi Mai Tsarki na gidan cewa ba za a yafe wa Wakem ba. Shi kuma ɗan Wakem, Philip mai ƙusumbi, shi ne kaɗai ya san darajar ƙwaƙwalwar Maggie. Gaba tsakanin iyaye, soyayya tsakanin 'ya'ya, wannan ba sai na yi dogon bayani ba. Ki dai lura da rabon ilimi: Tom aka tura wajen Fasto Stelling ya sha Latin da lissafin da ba sa shiga kansa, Maggie da ke haɗiye littafi aka bar ta da cewa wayo ba ya amfanar mace.

Innonin Maggie uku kuwa, 'yan'uwan mahaifiyarta, Glegg da Pullet da Deane, su ne bakin gari. Su ke faɗin abin da ya dace da abin da bai dace ba, kuma ta kansu ake samun raha. A ɗaya ɓangaren akwai goggo Moss, ƙanwar Tulliver, matalauciya mai 'ya'ya rututu. Tulliver ya je karɓar bashin fam 300 a wajen mijinta, ya kama hanyar gida, sai ya tuna wata rana Maggie ma a hannun Tom za ta kasance, ya juya dokinsa ya ce a bar maganar. Madubi ne aka ajiye mana tun da wuri.

Kada ki manta da mai ba da labarin. Ya san zuciyar kowa, yakan tsayar da labari ya yi wa mai karatu magana kai tsaye. Wasu ɗalibai suna tsallake waɗannan shafukan, ni kuma ina ganin rabin daɗin yana can. Kuma yana ta nuna abin da zai zo: uwar Maggie tun farko take mita cewa yarinyar nan wata rana ruwa zai ci ta.

Yanzu ƙarshen. A ka'ida, irin wannan labari yana rufewa da aure ko gado. Jane Eyre, a littafin Charlotte Brontë na 1847, ta gaji fam 20,000 daga kawunta kuma ta yi aure. Sannan yawancin jaruman marayu ne, ita da David Copperfield da Pip na littattafan Charles Dickens, saboda maraya yana da damar ficewa ya nemi duniya. Maggie ba ta tashi marainiya ba. Dangi sun kewaye ta, babu kawun da zai mutu a wata ƙasa ya bar mata dukiya. Da kwale-kwale ya wuce da ita da Stephen, saurayin Lucy, ta ƙi aurensa ta dawo gari ba miji, Tom ya rufe mata ƙofa. Ba za ta auri Stephen ba don cin amana ne, ba za ta auri Philip ba don Tom. Marubuciyar ta toshe duk ƙofofin da sauran suke fita ta ciki, saura kogi. Ambaliya ta zo, Maggie ta tuƙa jirgi ita kaɗai ta ɗauko Tom a gidan injin, ya kira ta da sunan yarinta, Magsie, sannan tarkacen katako ya kife su suna rungume da juna. A kabarinsu aka rubuta ayar makokin Dauda kan Saul da Jonatan, cewa ko a mutuwa ba a raba su ba.

A ganina an yi gaggawa, kuma marubuciyar kanta ta amsa cewa juzu'i biyun farko sun cinye mata wuri. Amma inda wasu suke sa ango, ita yaya ta sa, kuma akwai dalili. Sunanta na gaskiya Mary Ann Evans. Yayanta Isaac, wanda ta taso tana bin bayansa, ya yanke hulɗa da ita a 1857 da ya ji tana zaune da George Henry Lewes ba aure. Lokacin da take rubuta wannan littafin ba ya yi mata magana. Bai sake rubuto mata wasiƙa ba sai a 1880, da ta auri John Cross, kuma a watan Disamba na shekarar ta rasu.