Zauren Ɗinki: 'Yata doguwa ce siririya, wace lamba zan yanka mata kwat?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na samu takardar yanka, wadda ake kira fatan, ta kwat ɗin yara mai shafi da maɓallai huɗu, ina so in ɗinka wa 'yata mai shekara 5 saboda sanyi. Tsawonta santimita 118 ne, amma siririya ce, awon ƙirjinta ya faɗa kan lamba 110 a jadawalin takardar. Na gwada lamba 122 da tsohon zanen gado, sai kafaɗa ta zubo mata har dantse, yarinya ta ɓace a ciki. Wace lamba zan yanka? Sannan ina so in ƙara mata hula mai igiyar ɗaurewa a wuya. Daga wata mai koyon ɗinki.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Na ji daɗi ƙwarai da kika fara gwadawa a zanen gado kafin ki kai almakashi kan yadin kirki.

Ki yanka 110, ki ƙara tsawo. Ga dalilina.

Waɗannan lambobi, 104, 110, 116, 122, tsawon yaro ne a santimita, kowace tana gaba da 'yar uwarta da 6. Sai dai duk lambar da kika hau, faɗin kafaɗa da ramin hammata da zagayen wuya suna hawa tare da ita. Kwat kuwa a kafaɗa take rataye. In kafaɗa ta zauna, sauran gyara mai sauƙi ne. In ta zubo, ko tela mai shekara talatin a kan keke sai ya warware rabin rigar kafin ya daidaita ta. Shi ya sa nake zaɓar lamba da awon ƙirji, in bar kafaɗa da hammata da kwala yadda mai takardar ya zana su, ban taɓa su.

Kada ki ce tunda ta fi 110 da santimita 8, to 8 za ki ƙara. Wani ɓangare na wannan tsawo yana ƙafafunta ne. Ki tsayar da ita sanye da rigar sanyin da za ta riƙa sawa a ƙarƙashin kwat ɗin, ki aza tef a kan ƙashin nan da ke tasowa a bayan wuya, ki sauke shi zuwa inda kike so rigar ta tsaya. Sai ki auna hannu daga ƙarshen kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannun a ɗan lanƙwashe, domin miƙaƙƙen hannu yana ba da awo gajere. Ki gwada awon nan biyu da na takardar, bayan kin cire abin da aka bari na ɗinki da na kalmasa. Bambancin shi ne ƙarinki.

Mu ɗauka ya kama santimita 4 a jiki, 3 a hannu. Da farko ki kwafe lamba 110 a wata takarda, ki adana ta asali, domin baɗi za ki neme ta. A kan kwafin ki nemi layin da aka ja don ƙari ko ragi. In babu, ki ja naki tsakanin hammata da aljihu, ya gicciye doguwar kibiyar da ke nuna tsayuwar zaren yadi. Ki yanke a nan, ki manna takarda a ƙasa, ki buɗa santimita 4 daidai daga wannan gefe zuwa wancan, kibiyar sama da ta ƙasa suna kan layi ɗaya. In suka goce ko kaɗan, kwat za ta murɗe a jikin yarinya bayan wanki. Sai ki sa rula ki haɗa gefen da ya karye. Hannu kuma ki yanke shi a wajen gwiwa, nesa da kansa mai lanƙwasa, don kan hannun ya ci gaba da shiga raminsa.

Na fi son ƙari a tsakiya fiye da a ƙasa, musamman in kwat ɗin tana buɗewa kamar laima. Ƙari a ƙasa yana ƙara mata faɗi, aljihu kuma ya tsaya can sama inda hannun doguwar yarinya ba zai huta ba.

Ga inda na taɓa yin asara, kuma ba na so ki yi. Kwat ɗin farko da na ɗinka wa ɗana, na ƙara wa gaba da baya tsawo, na manta da shafi. Da na haɗa, shafin ya janye ƙasan rigar ciki, ta tattare, dole na sake yanka wani. Duk abin da kika ƙara wa gaba, ki ƙara wa baya, da shafin jiki, da ƙyallen da ke bin bakin gaba ta ciki inda maɓallai suke, da gam ɗin da ake manna masa da dutsen guga; abin da kika ƙara wa hannu kuma ki ƙara wa shafin hannu. Ki jera su a tebur, wanda kika gama ki yi masa alama da alli. Maɓallan ma sai an sake raba su: na sama ya zauna a wurinsa, sauran ki raba tazararsu daidai, in ta yi nisa ki ƙara na biyar.

Ki duba ko takardarki ta haɗa da gefen ɗinki. Da yawa suna barin santimita 1.5, amma na cikin mujallar ɗinki ta Burda ba sa bari, ke za ki ƙara da kanki. In kuma bayan gwaji kin ga ƙirji ya matse a kan rigar sanyi, ki raba abin da kike buƙata gida huɗu: santimita 4 na nufin 1 a gefen kowane gaba da kowane ɓarin baya, sannan ki ƙara 1 a kowane gefen hannu ta ƙarƙashin hammata don su haɗu. Kuma tunda yara a wannan shekaru suna ƙara kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara, ki bar kalmasa mai zurfin santimita 5 a ƙasa da bakin hannu, ki kama ta da allurar hannu, warwarewa ba za ta yi wuya ba.

Batun hula, ki yi, amma ban da igiya. Igiyar wuya tana maƙalewa a lilo ko ƙofar mota ta shaƙe yaro, shi ya sa ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba EN 14682 ta hana ta a wuya da hular tufafin yara ƙanana har zuwa shekara 7, 'yarki kuwa 5 take. Ki sa ɗan roba a cikin bakin hular don ta kama fuska. Ki auna zagayen wuyan kwat ɗin a kan layin ɗinki, ƙasan hular ya zo daidai da shi, sannan ki haɗa ta da maɓallan dannawa, yadda in ta kama wani abu za ta ɓalle da kanta.