Tsofaffin Jaket na Ma'aikata: Wacce Ake Kai wa Tela, Wacce Ake Bari Yadda Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara tara tsofaffin jaket irin na ma'aikatan Turai da Amurka, wasu daga wurin 'yan gwanjo, wasu kuma ta intanet. Akwai guda uku da nake ji da su: wata shuɗiya ta Faransa mai aljihu uku a gaba, da ta jins ta kamfanin Levi's, da wata mai kauri ta Carhartt wadda aka yi wa shafi da bargo. Dukkansu sun yi mini yawa, wata a hannu, wata a jiki. Shin tela zai iya rage su ba tare da ya ɓata su ba? Kuma ta yaya zan bambance wadda ta tsufa da gaske da wadda aka kwaikwaya? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tela zai iya rage su, amma ba kowane gyara ne irin waɗannan riguna ke karɓa ba, kuma akwai wadda bai kamata ta je shagon tela ba ko da kuwa ta yi maka yawa. Saboda haka tambayarka ta biyu zan fara amsawa, domin sai ka san abin da ke hannunka kafin ka yanke shawarar sa masa almakashi.

Ta Levi's ce mafi sauƙin ganewa, don masu tara irin waɗannan kaya sun daɗe da bin diddigin tarihinta. Samfurin farko, mai lamba 506XX, aljihu ɗaya gare shi a ƙirji, sannan yana da maɗauri mai ƙarfe a baya wanda ake ja a tsuke ƙugu. Na biyu, 507XX, ya fito a 1953 da aljihu biyu, aka cire maɗaurin baya aka sa 'yan kunnuwa masu maɓalli a gefe da gefe. Na uku, wanda ya bayyana a farkon shekarun 1960, shi ne wanda kowa ya sani a yau, mai ɗinki biyu da ke gangarowa daga kowane aljihu suna tsukewa zuwa ƙugu. Ka duba ɗan jan ƙyallen da ke maƙale a jikin aljihun hagu: idan an rubuta sunan kamfanin da babban harafin E, alama ce ta kafin 1971, shekarar da aka koma ƙaramin harafi. Sai dai wannan shaida ita kaɗai ba ta isa ba, domin kamfanin ya dawo da babban harafin a kan wasu kayansa na baya-bayan nan. Ka haɗa da wasu alamu. Dokar Amurka da ta wajabta manna takardar bayanin wanki a cikin tufafi ta fara aiki ne a 1972, aljihunan gefe na zura hannu kuwa sai a shekarun 1980 aka ƙara su. Jaket mai babban E, mai aljihun gefe, mai doguwar takardar wanki da harsuna da yawa, sabuwa ce duk yadda ta koɗe.

Shuɗiyar ta Faransa kuwa tufar leburori ce da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma kamfanoni da dama ne suka ɗinka ta, irin su Adolphe Lafont na birnin Liyon, da Le Mont Saint Michel da aka kafa a 1913, da Vetra da aka kafa a 1927. Tsofaffin galibi na zallar auduga ne, ko dai mai saƙar kaki ko kuma mai kauri wadda aka saƙa a matse aka goge fuskarta har ta yi laushi. Sau da yawa za ka ga kwalarsu ƙarama ce mai zagaye, tambarinsu kuma saƙa shi aka yi da zare. Idan ka ga an rubuta cewa akwai roba a cikin yadin, wato gaurayen auduga da foliyesta, to ta baya-baya ce, kuma an yi irinta da yawan gaske. Carhartt, wanda aka kafa a Detroit a 1889, har yanzu yana ɗinka wasu daga cikin tsofaffin samfuransa, don haka akasarin waɗanda ke fitowa daga dilar gwanjo ba su kai tsufan da za a ji tsoron taɓa su ba.

Kwaikwayo kuma ba lalle ne ya zama jabu ba. Tun daga wajen 1979 wasu kamfanonin Japan, kamar Studio D'Artisan da Fullcount da Warehouse na yankin Osaka, suka duƙufa wajen sake ɗinka tsofaffin samfuran Amurka da yadin da aka saƙa a tsofaffin masaƙu, suna kuma sa sunansu a fili. Kayansu na da tsada da inganci, amma ana ci gaba da yin su, saboda haka idan ka rage guda ba ka rage wani abu daga tarihi ba. Ra'ayina a nan a bayyane yake: Levi's samfurin farko ko na biyu na asali, da duk wata jaket da aka yi kafin yaƙin duniya na biyu, ba a yanka su. Darajarsu a wurin masu saye tana cikin kasancewarsu yadda suka fito, kuma gyara ko da mai kyau ne yana karya kuɗinsu. Wanda irinsu ta yi masa yawa, ya ajiye ta ko ya yi musaya da ita.

Mu koma kan gyaran. Abin da ya raba jaket ɗin aiki da kwat shi ne yadda aka haɗa ta. Kwat ana bar mata rarar yadi a cikin ɗinki don a iya buɗa ta wata rana. Ta ma'aikata kuwa naɗe bakin yadi biyu ake yi cikin juna, a bi su da layin ɗinki biyu ko uku don kada su farke a bakin aiki, kuma wannan naɗi ba ya barin komai da za a saki. Ma'ana, ana iya tsuke ta, ba a iya ƙara mata faɗi. Tun da naka yawa suka yi, ka tsira ta wannan fuska.

Wurin da ke yanke hukunci shi ne kafaɗa. Ka sa jaket ɗin ka tsaya gaban madubi ka ga inda ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya sauka. Idan ya zarce ƙashin kafaɗarka da inci ɗaya ko ƙasa da haka, babu laifi, domin dama an yanka waɗannan riguna da sakewa don mutum ya ɗaga guduma ko ya sunkuya, ya kuma sa wata riga a ciki. Idan ya zubo inci biyu ko fiye, gyaransa na nufin a cire hannuwan gaba ɗaya, a sake yanka ramin hammata, a sake fasalin kan hannun ya dace da sabon ramin, wanda kusan sake ɗinka rigar ne. A jikin Carhartt abin ya fi wuya, saboda yawancinsu suna da wani ninki a bayan kafaɗa wanda ke buɗewa idan an miƙa hannu, ga kuma shafin bargo da dole a farke. Ban cika ba da shawarar wannan aiki ba, domin kuɗinsa kan wuce kuɗin jaket ɗin, sakamakon kuma ba kasafai yake gamsarwa ba. Nan gaba idan za ka saya, ka riƙe tef ɗin awo, ka shimfiɗa rigar, ka auna kafaɗa zuwa kafaɗa, hammata zuwa hammata, tsawon hannu, da tsawon baya daga gindin kwala, ka gwada da awon wata jaket da ta zauna maka daidai. Lambar da ke jikin tambari ba abin dogaro ba ce, don tsohuwar riga ta sha wanki ta tsuke, kuma lambobin Faransa daban suke da na Amurka.

Kafin a auna komai, a wanke. Tun 1930 aka samu hanyar tsuke yadi a masana'anta, wadda Sanford Cluett ya ƙirƙiro, kuma shi ya sa za ka ga kalmar Sanfor ko Sanforized a kan tambari da yawa. Irin wannan yadi ba ya raguwa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. Wanda ba a yi wa haka ba, kamar jins ɗin kamfanonin Japan da dama, yana iya raguwa har kusan kashi goma cikin ɗari a wankin farko. Wanda ya rage hannun sabuwar jaket irin wannan kafin ta ga ruwa zai tarar da hannun ya haye masa sama da agogo.

Rage hannu shi ne gyara mafi sauƙi, muddin an bi hanyar da ta dace. Ba kalmashe bakin ake yi ba. Ana farke maɗaurin wuyan hannun ne a cire shi ɗungurungum, a yanke abin da ake son ragewa daga hannun, sannan a mayar da maɗaurin na asali da maɓallinsa da koɗewarsa. Iyakarsa dai ita ce tsagar da ke sama da maɗaurin, wadda ke gajarcewa gwargwadon abin da aka yanke. Idan ragin ya wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu, sai an ƙara tsagar sama. A jins da ya sha jiki akwai wani abin lura: layukan koɗewa da suka fito a gwiwar hannu suna nan inda mai rigar na farko ya bar su, ragi daga ƙasa ba ya motsa su, kuma wannan dalili ne na ƙin ragewa daga kafaɗa.

Tsuke jiki ana yinsa ne ta ɗinkin gefe, kuma tunda wannan ɗinki yakan zarce daga ƙugu ya bi ta hammata har wuyan hannu, dole ragin ya tafi a hankali ya ɓace cikin hannun, in ba haka ba hammata za ta yi ƙulli. A ta Faransa aljihunan ƙasa manya ne, an ɗora su a kan yadin kusa da gefe, saboda haka su ne ke iyakance abin da za a ɗiba. Inci ɗaya a kowane gefe galibi shi ne iyaka. Kada ka yarda a yi mata tsukin ƙugu irin na kwat. Siffarta a miƙe take, kuma ya kamata a bar rarar inci huɗu zuwa shida a kan awon ƙirjinka.

Rage tsawo shi ne wanda na fi hana mutane. A ta Faransa da doguwar Carhartt, aljihu na zaune dab da bakin ƙasa, don haka ko dai a yanke a bar aljihun yana taɓa baki, ko a ɗaga shi sama, inda zai bar tabon wurinsa na da, domin yadin da ke ƙarƙashinsa bai ga rana ba, launinsa na nan da duhunsa. A ta jins ana iya cire maɗaurin ƙugu a mayar, amma maɓallanta na ƙarfe buga su aka yi, ba a matsar da su, sai tazarar maɓalli na ƙarshe ta fita daban da sauran.

Zaɓen tela ma rabin aikin ne. Gwanin kaftani da babbar riga ba lalle ne ya saba da wannan ba, kuma ƙaramin keken Butterfly ba ya iya huda ninki shida ko takwas na yadin Carhartt, wanda kaurinsa ya kusa na tamfol. Allura zai yi ta karyawa yana tsallake ɗinki. Ka nemi wanda ke ɗinka kakin ma'aikata ko gyaran wandunan jins, mai babban keken masana'anta da allura lamba 18 zuwa sama. Ka ce ya ƙirga yawan ɗinkin da ke cikin inci guda a jikin rigar ya daidaita kekensa da shi, ya kuma nemo zare mai kauri da launi irin na asali, wanda a Levi's yakan kasance ruwan goro ko rawaya. Ka sa rigar a jikinka a kan irin kayan da za ka riƙa sawa a ciki, a kama da fil, ka miƙa hannuwa gaba ka naɗe su a ƙirji. Idan baya ya ɗaure, an ɗiba da yawa. Ya dace a fara yin ɗaurin wucin gadi da allurar hannu ka gwada kafin a yanke, sannan ka karɓi ƙyallayen da aka cire, domin babu abin faci da zai dace da rigar kamarsu. Kuma ka fara ba shi wadda ta fi araha ka ga hannunsa.

Game da naka ukun, ta Faransa ita ce za ta karɓi gyara cikin sauƙi, hannu da gefe, tunda ba ta da shafi. Ta Levi's ka tabbatar da shekarunta tukuna. Idan ta bayan 1971 ce, a rage hannun, ƙugun kuma ka fara gwada matsar da kunnuwan gefe zuwa maɓalli na biyu kafin a taɓa ɗinki. Carhartt ɗin, in kafaɗa ta yi daidai, a rage hannu kawai a bar jikin, don dama sai da hunturu za ka sa ta, kuma lokacin za ka so wurin rigar sanyi a ciki. Bayan gyara, kada ka haɗa su da kayan da za a sa wa sitaci ko bilic a wurin mai wanki. A juya su ciki waje, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, domin rana na cin shuni, kuma da damina a riƙa fito da su suna shan iska saboda fumfuna da tsatsar maɓalli.

Idan kuwa ka samu wadda siffarta ta burge ka amma kafaɗarta ta fi ƙarfin gyara, ko kuma ta yi tsufan da ba a yankawa, akwai hanya mai sauƙi. Ta Faransa ba ta da wuyar kwaikwayo: ka sayi yadin kaki mai kauri na zallar auduga, yadi uku zai isa ga matsakaicin mutum, ka jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, ka kai wa tela tare da ta asalin ya ɗauki fasalin kwala da aljihu da tazarar maɓalli daga jikinta ba tare da ya farke ta ba, awon kafaɗa da hannu kuma ya ɗauka daga jikinka.