Tambaya da Amsa: Idan Likitoci Masu Neman Ƙwarewa Suka Tafi Yajin Aiki, Wa Zai Riƙe Sashen Gaggawa?

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suka taru, wato halin da sashen gaggawa na asibiti ke shiga idan likitoci masu neman ƙwarewa, wato ƙananan likitocin da ke aiki a asibiti suna samun horo don zama manyan likitoci, suka ajiye aiki. Likitocin gaggawa da manyan ma'aikatan jinya da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a sashen gaggawa na asibitinmu. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ba da sanarwar yajin aiki nan da mako biyu. Ta ina za mu fara?

Wa'alaikis salam, Sista. Kada ki fara da ƙirga likitocin da za su tafi. Fara da ƙirga ayyukan da suke yi waɗanda ba a rubuta a jadawali ba. Ɗauki takarda ki bi majinyaci ɗaya tun daga ƙofa har gadon kwanciya: wa ke fara duba shi, wa ke sa masa kanula (ɗan bututun ƙarin ruwa) idan jijiya ta ɓuya, wa ke cike takardar gwajin jini da ta hoto, wa ke bin sakamakon idan ya fito, wa ke kiran likitan tiyata, wa ke rubuta magungunan dare, wa ke rubuta takardar sallama da ta shaidar mutuwa. A gaban kowane aiki ki sa sunan wanda zai ɗauke shi ranar yajin. Duk layin da ya zauna babu suna, to nan ruwa zai shigo.

Sannan lissafi. Kujerar likita ɗaya da dole a same shi dare da rana tana cin awa 168 a mako. Idan kowane babban likita zai yi awa 48, kujerar nan ɗaya tana buƙatar mutum huɗu, domin uku ba su kai ba. Sashen da ke da kujera uku yana neman mutum goma sha ɗaya zuwa sha biyu ke nan. Ba za su faɗo daga sama ba. Hukumar asibiti ce za ta ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba da ganin likita na yau da kullum, ta saki manyan likitocin su sauko. Kuma a tsare musu hutun awa 11 tsakanin aiki da aiki. Babban likitan da ya kwana a tsaye ba zai shiga ɗakin tiyata da safe ba, komai ƙwarewarsa.

Ga wani abu da yake ba da kunya, amma kullum sai ya faru. Babban likita ya fi kowa sanin cuta, sai dai ya yi shekaru rabon da ya rubuta odar gwaji da hannunsa. Da ƙarfe biyun dare za a gano kalmar sirrinsa ta kwamfuta ta daina aiki, ko bai san lambar ɗakin ajiyar jini ba, ko bai san durowar da ake ajiye bututun numfashin yara ba. Maganin wannan awa ɗaya ce kacal kafin ranar: kowa ya shiga kwamfutar ya rubuta oda ta gwaji, a zagaya da shi ɗakin farfaɗo da majinyata ya buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, a manna lambobin waya a bango da manyan haruffa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi yana ƙofar baya. Sashen gaggawa ba ya cika saboda masu shigowa kaɗai, yana cika ne idan babu inda za a kai waɗanda aka gama dubawa. Ƙananan likitoci ne ke zagayen safe a ɗakunan kwanciya, su ne ke sallama. Idan sallama ta tsaya kwana ɗaya, gadaje sun toshe, sai ki ga majinyata jere a baranda a kan keken tura marasa lafiya, motar asibiti kuma ta rasa inda za ta sauke nata. Don haka ki nemi a ware babban likita ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai sallama, ya fara tun kwana biyu ko uku kafin yajin, ya riƙa gamawa kafin azahar.

A ƙarshe a zauna da wakilan ƙungiyar a rubuta yarjejeniya: wane irin al'amari ne zai sa a kira wasu su dawo, kamar babban haɗari mai mutane da yawa, wa zai buga waya, wa zai amsa, cikin minti nawa. A rubuta, a sa hannu. Maganar fatar baki ba ta amfani a daren da aka kawo mutum ashirin a lokaci ɗaya.

Ina da ƙananan yara da mahaifiya mai hawan jini. Idan ana yajin aiki, mu zauna a gida ne ko mu je?

Malam, akwai abubuwan da ba a jira da su, da yaji ko ba yaji: ciwon ƙirji mai danne mutum, karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, sarƙewar numfashi, jinin da ya ƙi tsayawa, jijjiga, suma, zubar jini ga mai juna biyu, da jaririn da ya daina kama nono ko jikinsa ya saki. Shanyewar ɓarin jiki musamman tana da agogo, domin allurar narkar da gudan jini galibi ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da alamar ta fara. Ka lura da lokacin, ka faɗa wa nas.

Sai dai ka sani ba layi ake bi ba, tsananin ciwo ake bi. A tsarin tantancewa na Manchester, wanda asibitoci da dama ke amfani da shi, mai jan launi nan take ake duba shi, mai ruwan lemo cikin minti 10, rawaya minti 60, kore minti 120, shuɗi minti 240. Ranar yaji masu kore da shuɗi ne jiransu ke tsawaita. Ka zo da kwalayen magungunan da Hajiya ke sha, kuma idan jikinta ya canja kuna zaune, koma ka sanar a sake tantance ta.

Ni ɗalibin likitanci ne. Na ji ana cewa mace-mace ba sa ƙaruwa lokacin yajin likitoci. Gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya, amma kada ka ɗauke ta ɗungurungum. Yawancin nazarin da aka yi a kan gajerun yaji bai nuna ƙaruwar mace-mace a cikin asibiti ba, kuma dalilan a fili suke: an dakatar da tiyatar da ba ta gaggawa ba tare da haɗarinta, kuma wanda ke tarbar majinyaci a ƙofa babban likita ne mai yanke shawara da sauri. Haka aka tafiyar da yajin Ingila na 26 da 27 ga Afrilun 2016, karo na farko da ƙananan likitocin can suka janye har daga aikin gaggawa, da kuma na kwana shida a Janairun 2024.

To amma kwana biyu ko shida daban, watanni daban. Yajin NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya, da ya fara 2 ga Agustan 2021 ya kai wata biyu. A Koriya ta Kudu dubban likitoci masu neman ƙwarewa sun bar aiki a Fabrairun 2024 kan shirin gwamnati na ƙara gurbi 2,000 a makarantun likitanci, abin ya ja watanni, har asibitoci suka riƙa mayar da motocin ɗaukar marasa lafiya. Jadawalin da aka gina a kan juriyar manyan likitoci yana fara tsagewa bayan mako na farko. Kuma ƙididdigar asibiti ba ta ganin wanda ya mutu a gida don ya ji an ce babu likita, ko mai ciwon daji da aka ɗage masa aiki sau uku.

Ni ke kula da ma'ajiyar magani da kayan aiki. Me ya kamata in tanada, kuma yaushe za mu numfasa?

Fara da oksijin, ka yi masa lissafi da alƙalami. Ƙaramar tukunya mai lita 680, idan ana ba majinyaci lita 15 a minti, minti 45 za ta yi ta ƙare. Majinyacin da a da yake wucewa ɗakin kwanciya cikin awa ɗaya, ranar yaji zai iya yin awa shida a baranda inda babu bututun bango, wato tukunya takwas shi kaɗai. Bayan oksijin, duba keken farfaɗowa a farkon kowane canjin aiki: adrenalin, batirin na'urar girgiza zuciya, kanula manya da ƙanana. Ajiye zubin farko na maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin sashen kansa, domin wanda cuta ta shiga jininsa ta tsananta ana so ya samu cikin awa ɗaya, kuma babu ƙaramin likitan da zai ruga ma'ajiya ya karɓo. A tabbatar da jinin rukunin O a firijin gaggawa.

Numfashi kuwa ba ranar da aka janye yaji ba ne. Waɗanda suka daure a gida za su zo a lokaci ɗaya kuma jikinsu ya ƙara tsanani, manyan likitoci sun gaji suna neman hutu, tiyatar da aka ɗage ta dawo tana neman gado. Ka bar ƙarin kayan a wurinsu kwana uku bayan an dawo. A safiyar dawowa kuma a miƙa aiki a rubuce, gado bayan gado, tare da jerin duk gwajin da aka aika lokacin yajin wanda har yanzu babu wanda ya buɗe sakamakonsa.