Amsa ga Kawu Kan Asalin Surukaina

Kawu, saƙonku ya iso. Na kuma gane tambayar da ke bayan gaisuwar: wai matar da na aura a nan Sin tana da asali kuwa, kuma yaran nan har yanzu namu ne?

Asali dai tana da shi. Mutanenta 'yan ƙabilar Hakka ne na yankin Ganzhou, a kudancin lardin Jiangxi, kuma fatauci gadonsu ne. A 1931 'yan kwaminis suka kafa gwamnatinsu a can, hedikwata a Ruijin. Chiang Kai-shek, jagoran sojojin gwamnatin Sin na lokacin, ya yi musu ƙawanya, daga 1933 kuma ya tsananta, ya jera ƙananan sansanonin soja a kan hanyoyi, ya hana gishiri da yadi da magani da kananzir shiga. Yankin duwatsu ne, ba su da gishirin kansu. Har ta kai mutane na kankare ƙasar tsofaffin katangu suna dafawa, su tace wani abu mai ɗaci su zuba a miya.

Kakar matata, kafin ta rasu, takan ba mu labarin mahaifiyarta. Matan Hakka ba a ɗaure musu ƙafa suna yara kamar sauran matan Sin na lokacin, don haka su ne 'yan dako. Sai ta tsallaka ɓangaren abokan gaba ta sayo gishiri, ta ɗura a cikin sandar gorar da take ɗaukar kaya, ko ta jiƙa rigar sanyi da ruwan gishiri ta shanya ta saka, in ta iso gida a wanke a dafa ruwan. Wanda aka kama, ransa ne. Tsohuwar ba ta san siyasa ba, yaranta ne ƙafafunsu suka fara kasa ɗaukarsu saboda rashin gishiri.

Manyan 'yan kwaminis ma haka suka yi, sai dai nasu da girma. Ƙasar tana da ma'adinin tungsten da ake ƙarfafa ƙarfe da shi, ƙanin Mao Zedong, wato Mao Zemin, shi ke kula da haƙarsa. Suna sayar wa mutanen Chen Jitang, janar ɗin da ke riƙe da lardin Guangdong, wanda a takarda maƙiyinsu ne, su karɓi gishiri da yadi. Chen ya fi tsoron Chiang ya matso kusa da shi a kan 'yan kwaminis, shi ya sa a Oktoban 1934, da 'yan kwaminis suka fara doguwar tafiyarsu ta ficewa daga yankin, ya sassauta musu hanya.

To jinin da ke jikin jikokinku ke nan ta wajen uwa, Kawu, ni kuwa ban ga abin kunya a ciki ba. Matata ta musulunta tun kafin a ɗaura aure, da kanta. Ran Juma'a muna zuwa masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa ga Sa'adu bin Abi Waƙƙas a nan Guangzhou. A gida Hausa nake yi musu, ta koyi tuwon shinkafa da miyar kuka, babban yaron yana izu na uku.

Abin da ya sosa min rai shi ne zuwanmu Kano. Yaran sun durƙusa sun gaida kowa da Hausa, amma har muka taho a gidanmu 'yan Chana ake kiransu, har da ƙannena da suka halarci sunansu ta waya. Ƙaramar ta tambaye ni a jirgi ko laifi suka yi. Don Allah, Kawu, ku yi wa mutanen gida magana kafin mu zo babbar sallah.